Rage Mata Iska

A duk faɗin Kankia da Kusada mutum ɗaya ne ya san tayoyin mota a ilimance, shi ne Alhaji Zainul Abidin, wanda ya karanci injiniyancin kayan noma a jami'a, ya kuma yi ritaya yana mataimakin darakta. Ba wani ne ya ba shi wannan matsayi ba; dubawa ya yi ya ga kujerar babu kowa, ya zauna. A aljihun gaban rigarsa, inda sauran 'yan boko suke soke biro, shi ma'aunin iska yake sokewa, ɗan siriri mai ƙyalli. Da shi yake tsugune gaban motarsa a safiyar nan ta Talata, bayan ruwan da aka kwana ana yi, yana bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Talatin da biyar," ya ce, ya matsa ta gaba. "Wannan ma talatin da biyar. Abin da masu ƙera motar suka rubuta a jikin ƙofa ke nan, kuma ba su ƙara da cewa ban da damina ba."

Okon yake yi wa magana, mai shagon tayoyi na bakin kasuwa, wanda ya zo Kankia da niyyar yin wata shida ya shekara ashirin da biyar. Shi Okon yana tsaye a gefe. Rungume yake da wani tsohon famfon hannu, dogo, baƙi ƙirin, mai mariƙin katako.

"Wannan fa?" in ji Alhaji.

"Oga Sada ya ce a sa a but ɗin motar."

"Me za a yi da shi? Yanzu na auna a gabanka."

"Darakta, ni aiko ni aka yi."

Sada mai faci maƙwabcin Alhaji ne. Katanga ɗaya ta raba su shekara ashirin da takwas, kuma a cikin shekarun nan ba a taɓa yin mako guda ba su yi musu a kan taya ba. Sada bai yi boko ba. Rumfarsa tana bakin titi ƙarƙashin wata bishiyar bedi, daga nan yake yaɗa aƙidarsa ga duk direban da ya tsaya: wai mota kamar mutum take, da takalmin rani, da takalmin damina. Da bazara, in kwalta ta ɗau zafi, a auna iska da sassafe kafin taya ta yi ɗumi, a kuma rabu da duk wadda gefenta ya fara tsattsagewa, ko da zanenta bai cinye ba. Da damina a nemi mai haƙora masu zurfi. Har zuwa nan Alhaji yana iya haƙuri da shi. Inda suke rabuwa shi ne maganar da ta zame wa Sada suna: in ka sauka daga kwalta ka shiga yashi ko laka, rage mata iska. Direbobin tasha, waɗanda a wurinsu taya mai kyau ita ce wadda in ka shure ta yatsanka zai yi tsami, suka laƙaba masa Sada Rage. Alhaji kuwa ya sha bayyanawa a majalisa cewa mutumin da sana'arsa sayar da iska ce, yake kuma umartar jama'a su zubar da ita, ba ya bukatar raddi. Kasuwa yake nema wa kansa.

Yanzu Sada kwance yake. Zuciyarsa ta kumbura, ƙafafunsa sun cika, kuma jiya likita ya ja matarsa Ma'u gefe ya ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a. Da aka kawo shi gida sai ya ce ba wannan gidan ba. Mahaifiyarsa tana ƙauyensu Kaikai da ranta, ta haura tasa'in, ido ya tafi, kunne ma sai an kafa baki a kansa, don haka waya ba ta da wani amfani a wurinta. Shekara arba'in da suka wuce ya bar mata gona ya taho Kankia tana kuka tana cewa kada ya tafi. Tun daga nan yana zuwa gaisuwa, yana aike, amma bai taɓa durƙusawa ya ce ta yafe masa ba. Ya yi ta jiran ranar da ta dace. To ga ranar ta zo da ƙafarta, kuma ba mai daɗewa ba ce.

Babu wanda ya roƙi Alhaji mota. Shi ya aika ya ce tasa za a shiga, ya kuma shaida wa kansa cewa haƙƙin maƙwabtaka ne kawai.

Shi da Okon suka tallafo Sada daga zaure. Mutumin da a da yake ɗaga tayar tirela shi kaɗai, yau nauyinsa duk a ƙafafu yake, sama kuwa sai ka ce buhun ƙaiƙayi. Amma da suka iso jikin motar sai ya sa suka tsaya, ya sunkuyar da kai ya ƙare wa tayoyin kallo.

"Injiniya," ya ce, don shi bai taɓa yarda da Darakta ba, "da takalman ofis ɗin ga za mu Kaikai?"

"Sababbi ne, Sada. Wata uku da na sayo su a Kano."

"Na gani. Sun dace da zuwa ɗaurin aure. Ga tayun damina biyu can cikin zaurena, Okon shi ɗaura maka a gaba."

"Babu lokaci. Kuma babu bukata."

"To." Ya numfasa. "An sa famfon?"

"An sa, Oga," in ji Okon.

"Wai me za ka yi da famfo kana cikin wannan hali?" Alhaji ya tambaya.

"Ni? Ba ni zan yi aiki da shi ba."

Aka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar Ma'u. Okon ya shiga gaba.

Daga Kankia zuwa Kusada motar ta yi abin da kimiyya ta ce za ta yi. Ta bi kwalta sumul, babu girgiza babu kuka, gero da dawa suna wucewa ta gefe biyu, sun yi tsayin da mutum zai ɓace a ciki. Alhaji ya so ya ce wani abu game da haka, amma duk sanda ya buɗe baki sai ya jiyo numfashin Sada a bayansa, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙara, sai ya rufe. Sau biyu Ma'u ta ɗiga masa ruwa da cokali.

Bayan Kusada suka sauka daga kwalta. Hanyar ta zama ja, ta zama ramuka, ta zama sawun kofato da na babura. Duk da haka suna tafiya, har Alhaji ya fara shirya jimlar da zai faɗa a majalisa. Sai suka iso mashigin rafi.

Ruwan jiya ya wuce, ya bar ɗan siririn da bai kai idon sawu ba yana bin tsakiya. Amma gefe da gefe yashi ne shimfiɗe, fari, jiƙaƙƙe, faɗinsa ya kai filin ƙwallo. Wani mai babur ya sauka yana tura nasa.

"Darakta, mu tsaya mu duba," in ji Okon.

"Abin lissafi ne. Gudu ake bukata."

Ya ja baya kaɗan, ya taka. Motar ta shiga da ƙarfinta, ta ci kashi ɗaya cikin uku, ta rage gudu kamar wadda ta tuna wani abu, ta tsaya. Alhaji ya ƙara takawa. Tayoyin gaba, talatin da biyar kowace, suka yi ta juyawa suna watsa yashi suna haƙa wa kansu rami. Ya sa giyar baya, suka haƙa ta baya. Kafin ya ɗaga ƙafa, hancin motar ya kusa sumbatar ƙasa.

Manoma shida suka fito daga gonakin bakin rafi da fartanyoyinsu. Aka yi sannu, aka tura ta gaba, aka tura ta baya, Okon ya cire takalmi ya shiga cikinsu yana "Ɗaya, biyu, uku!" Motar ta girgiza ta ƙara zama.

"A nemo amalanken shanu," in ji wani dattijo a cikinsu, mai suna Sodangi. "Amma shanun suna daji. Kahin a kamo su a ɗaura, azahar ta wuce." Ya ɗaga kai ya dubi gabas. "Kuma kun ga abin da ke tahe. In ya zuba can sama, rahin ga ba ya sallama."

Alhaji ya duba. Hadari ya haɗo baƙi, ƙasansa a miƙe kamar an ja layi.

"Alhaji," Ma'u ta kira shi ta taga. Ba ta ɗaga murya ba. "Ƙafafunsa sun yi sanyi."

Ya zagayo ya leƙa. Idon Sada a rufe, leɓɓansa sun bushe. Kaikai tana can, ana hango rufin kwanon masallacinta ta tsakanin itatuwa, tafiyar da ba ta kai minti goma ba ga mota mai tafiya. Alhaji ya tsaya riƙe da ƙofar. Ya binciki duk abin da aka koya masa a shekara biyar na jami'a, ya tarar babu rafi a ciki.

"Injiniya."

"Na'am, Sada. Ina ji."

Idon ya buɗe, ɗaya ya fi ɗaya.

"Rage mata iska."

"Sada, littafin motar nan ya ce..."

"Wanda ya rubuta littahin, ya taɓa zuwa Kaikai?"

Wani daga cikin manoman ya tuntsire da dariya, ya tuna akwai mara lafiya, ya mayar da ita tari. Sodangi ya matso ya leƙa ta tagar.

"Kai! Ashe Sada Rage ne! Alhaji, kana ɗauke da malamin kana tura mota?"

Alhaji ya dubi hadarin, ya dubi Ma'u, ya dubi farar shaddarsa. Sannan ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya durƙusa a cikin jiƙaƙƙen yashi gaban tayar gaba ta dama. A bayan kan ma'aunin nan nasa akwai wani ɗan tsini da masu ƙera shi suka yi don sakin iska. Shekara goma sha ɗaya yana yawo da ma'aunin bai taɓa amfani da wannan gefen ba. Ya kwance murfin bawul, ya danna.

Iska ta fara fita, tsiiii.

"Nawa zan bari?" ya tambaya.

"Kai dai danna. Ma'u, sauke gilashin duka. Ku yi shiru."

Kowa ya yi shiru. Mutum tara a tsakiyar rafi suna sauraren taya, na goma yana kwance ido rufe, kansa karkace. Ƙarar ta fara da kaifi, ta riƙa yin laushi, ta riƙa faɗi.

"Ya isa."

Alhaji ya ɗaga hannu. Ya juya wa jama'a baya, ya kafa ma'aunin a ɓoye. Sha shida. Ya rarrafa zuwa ta hagu, ya danna, aka sake yin shiru.

"Ya isa."

Sha shida. Ta baya ta hagu, sha shida. A ta ƙarshe Sada ya daɗe bai yi magana ba, har Alhaji ya ɗago kai, sai muryar ta zo, a shaƙe: "Ɗan ƙara. Waccan kullum kana cika ta, hannunka na rawa a kanta. To, ya isa." Sha shida.

Tayoyin suka baje a kan yashi kamar tafin raƙumi. Manoman suka kwashe yashin gaban ƙafafun da na ƙarƙashin motar da fartanya, Okon ya kakkaryo rassan sabara ya shimfiɗa. Alhaji ya shiga ya tayar.

"Sa giya lamba biyu," in ji Sada. "Kuma kar ka taka kamar mai bin ɓarawo. Taka kamar za ka wuce gaban surukinka."

Alhaji Zainul Abidin, mataimakin darakta mai ritaya, ya taka kamar zai wuce gaban surukinsa. Motar ta yi nishi. Ta ɗaga hanci. Ta hau rassan, ta bar su, ta ci gaba a kan yashi tsurarsa, a hankali, tana rangaji, ta ratsa siririn ruwan, ta ci gaba, ba ta nutse ba. Manoman suka bi ta da gudu suna ɗaga fartanyoyi.

"Sada Rage! Sada Rage!"

Okon ya biyo su, takalma a hannu, yana ihu cikin yarensu. Da ƙafafun gaba suka kama tudun ƙetare, Ma'u ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, kuma babu wanda zai iya rantsewa kuka take ko dariya.

Alhaji ya tsaya Okon ya shiga. Suka ci gaba har suka wuce wata gonar gyaɗa.

"Injiniya."

"Na'am."

"Na ji ka kana aunawa. Nawa ka gani?"

Alhaji ya gyara madubi, wanda ba ya bukatar gyara.

"Sha shida."

"Wace?"

"Dukansu."

"Dukansu huɗu?"

"Dukansu huɗu, Sada."

"Okon, ka ji?"

"Na ji, Oga. Da kunnena biyu."

"To ka kai tasha. Ka kai majalisa. In sun ce ƙarya ne, ga Injiniya nan, ba ya ƙarya, gardama kawai gare shi."

Dariyar da ya yi ta jawo masa tari mai tsawo, amma da tarin ya lafa, dariyar tana nan a fuskarsa.

A Kaikai 'yan uwa suka fito. Aka ɗauke shi a tabarma har ɗakin tsohuwa, Alhaji yana riƙe da kusurwa ɗaya, don haka ya samu kansa a bakin ƙofa, kuma bai ga dalilin matsawa ba. Tsohuwar tana zaune a bakin gado, 'yar ƙarama, kamar an naɗe zane an jingine. Aka kwantar da Sada jikin ƙafafunta. Ta laluba, ta sami fuska, ta bi goshi da hanci da gemu.

"Wa ke nan?"

Ma'u ta kafa baki a kunnenta. "Inna, ɗanki ne. Na Kankia."

"Mai saida iska?"

"Shi ne."

"Yo mi ya kwantar da shi da rana tsaka?"

Sada ya yi alama a ɗaga shi. Ƙannensa biyu suka tallafe shi har bakinsa ya kai kunnenta. Abin da ya rage masa na murya ya tara wuri ɗaya.

"Inna, na tahi na bar ki da gona. Ki yahe mini."

Tsohuwar ta ɗora hannunta a kan wuyansa. Can ta ja tsaki, ɗan ƙarami.

"Wannan ne ya taso ka cikin damina? Na yahe maka duniya da lahira. Tun ranar da ka tahi na yahe, kahin ka kai bakin rahi. Kai ne ba ka tambaya ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Sada. Aka mayar da shi kwance. Ya juyo da ido ya nemi bakin ƙofa har ya sami Alhaji, ya ɗaga masa gira ɗaya, irin ɗagawar da yake yi a rumfa in direba ya dawo ana jan motarsa da igiya bayan ya ƙi jin magana.

A lokacin ne ruwan ya sauko, mai ƙarfi, har ba a jin magana a ƙarƙashin kwano. Sada ya cika bayan azahar, da kalmar shahada a bakinsa, kansa a kan ƙafar uwarsa. Ruwa ya ɗauke da la'asar, aka yi masa sutura, aka kai shi kusa da mahaifinsa. A hanyar dawowa daga maƙabarta, Alhaji ya ji Sodangi yana ba mutanen gari labarin rafi, kuma a bakinsa motar ta riga ta nutse har gilashi.

Rafin ya kawo, ba a ƙetare shi ranar ba. Ma'u ta zauna karɓar gaisuwa. Alhaji da Okon suka kwana a zauren gidan, da safe suka kama hanya. A mashigin, Alhaji ya sa lamba biyu ba tare da an ce masa ba. Motar ta ratsa yashin kamar gidansu.

Sai da ƙafafun gaba suka taɓa kwalta Okon ya ce, "Darakta, tsaya. Ba a hawa titi da sha shida. Kafin Kankia za ta yi zafi ta cinye gefe."

"Na sani," in ji Alhaji. Wannan kam ya sani; yana cikin littafi.

Ya gangara gefe ya kashe mota. Babu rumfar mai faci a wurin, babu gida, sai gonaki da wata bishiyar gawo. Ya zauna riƙe da sitiyari na ɗan lokaci. Sannan ya fita ya buɗe but.

Famfon yana kwance inda Okon ya ajiye shi. Alhaji ya ɗauko. Mariƙin katakon ya yi santsi, ya lotsa wuri biyu, daidai inda tafin hannu yake zama.

"Kawo, Darakta," in ji Okon. "Ka girme ni."

"Ba kai aka bar wa ba."

Okon ya koma gindin gawo ya zauna. Alhaji ya cire babbar riga, ya ninke ta, ya ɗora a kan rufin motar, ya ɗora hula a kai. Ya maƙala bakin famfon a tayar gaba ta dama, ya take ƙafar famfon da takalminsa na ofis, ya sa hannuwansa a cikin lotsin nan biyu. Sun yi masa faɗi kaɗan. Ya ja sama, ya danna ƙasa. Ya ja, ya danna.

Wata motar haya ta wuce, fasinjoji suna leƙe. Rana ta fara ɗagawa. Da zufa ta jiƙa masa 'yar ciki, ya tsaya ya cire bakin famfon, ya zaro ma'aunin daga aljihu ya kafa. Ashirin da biyu. Ya dubi sauran ukun, suna nan a baje suna jiransa. Ya mayar da bakin famfon, ya gyara tsayuwa, ya ci gaba.